Sudan: Yadda masu keke a Hajj Yusuf za su haɗa kuɗi a ƙera musu kariyar gaba

A unguwar Hajj Yusuf da ke gabashin birnin Khartum, keke ya tashi daga abin hawan yara da ɗalibai ya koma jari. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, an sace motoci masu ɗimbin yawa a babban birnin, wasu kuma an ƙona su. Man fetur ya yi wuya, matatar mai ta Jaili da ke arewa da birnin ta daina aiki. A irin wannan hali, wanda ya tsira da kekensa ya tsira da abin zuwa kasuwa da ɗebo ruwa da kai burodi shaguna.

Sai dai keken da ba shi da wurin ɗora kaya rabin amfaninsa ake samu. Yawancin tsofaffin kekuna suna da kariya a baya, wato ƙarfen nan da ake ɗaure kaya a kansa, wanda masu Faransanci ke kira porte-bagages. Wadda ke wuyar samu ita ce ta gaba, mai faɗi, wadda za ta ɗauki faranti ko kwali ko kwando a inda mai tuƙi ke ganin kayansa. 'Yan ƙananan kwandunan waya da ake sayarwa a shago ba a yi su don neman abinci ba, sai dai a je wurin mai walda ya ƙera.

Mutum ɗaya zai iya zuwa shi kaɗai, amma zai biya da tsada. Idan mutum ashirin ko talatin suka haɗu, farashi yana sauka kuma aikin yana fin kyau, da sharaɗin an yi abu biyu: a gwada samfuri kafin a karɓi kuɗin kowa, sannan kuɗin da aka karɓa kada ya kwana, a mayar da shi ƙarfe nan take.

Unguwar da ke sake tsayawa da ƙafarta

Hajj Yusuf tana cikin ƙaramar hukumar Sharƙ al-Nil, ma'ana Gabashin Nilu, gabas da Bahri, ɗaya daga cikin birane uku da suka haɗu suka zama babban birnin Sudan tare da Khartum da Omdurman. Unguwa ce ta masu neman na yau, wadda ta cika da mutanen da suka zo daga yamma da kudu da tsaunukan Nuba, cikinsu har da Hausawa. Zaman Hausawa a Sudan ya daɗe. Wasu hanyar aikin hajji ce ta ajiye kakanninsu, wasu sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Wasu kuma aikin gonakin auduga na Jazira ne ya kawo su.

Unguwar ta yi kusan shekara biyu a hannun RSF kafin sojoji su karɓe Gabashin Nilu a watan Maris na 2025. A watan Oktoban shekarar, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta ce sama da mutum miliyan ɗaya sun koma Khartum. Da yawa sun tarar da gidaje a wawashe, babu wuta, famfo ba ya kawo ruwa.

Haɗa hannu ba baƙon abu ba ne a nan. Abin da Bahaushe ke kira gayya, Sudanawa suna ce masa nafir. Adashi kuma shi ne sanduk ko khatta, wanda a Nijar da Kamaru aka fi sani da tontine. A tsakiyar yaƙi, matasan unguwanni ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da wuraren dafa abincin jama'a da ake kira takaya, suka ciyar da mutane da kuɗin karo-karo. Sayen kariya a haɗe ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da wannan, amma amana ɗaya ake taɓawa, shi ya sa yake bukatar tsari.

Me ya sa a gaba?

Kayan da ke gaba suna ƙarƙashin idon mai shi. Mai burodi yana ganin farantinsa, mai kayan miya yana ganin idan tumatir ya fara zuba, a cikin cunkoson kasuwa irin Suk Sitta kuma babu mai zare masa abu ta baya. Kariyar baya ta samu sarari ke nan don kaya masu nauyi ko don goyon yaro. Akwai kuma batun ƙafar baya, wadda dama ita ke ɗauke da yawancin nauyin mai tuƙi. Idan aka jibga mata komai, wayoyinta su ne ke fara tsinkewa.

Dabarar tsohuwa ce. A tsakiyar ƙarni na 20, masu rarraba jaridu a birnin Paris suna ɗora damman jaridu a kan faffaɗar kariyar gaba, shi ya sa har yau ake kiran irin wannan keke porteur. A Ingila da Holan, mahauta da masu gidan burodi sun yi amfani da kekuna masu babbar kariya a gaba wajen kai wa mutane kaya gida.

Iri biyu ne. Akwai wadda ake ɗaurewa a jikin fok, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, ita tana juyawa tare da kan keke. Akwai kuma wadda ake ɗaurewa a jikin firam, ba ta juyawa ko an karya kwana. Ta biyun ta fi daɗin tuƙi da kaya mai nauyi, amma sai an auna kowane keke daban, don haka ba ta dace da aikin taro ba. Ta farkon ita ce ake iya yi wa mutum talatin da zubi ɗaya, kuma a kanta wannan bayani ya tsaya.

Tana da iyaka, kuma ya kamata kowa ya ji iyakar kafin ya sa kuɗinsa. Da zarar kaya sun wuce kilo 15 zuwa 20, kan keke yana nauyi, yana fizgar hannu a cikin rairayi da ramuka. Jarka mai lita 20 cike da ruwa kilo 20 ce, ta kai maƙura ke nan, wadda ba ta cika ba kuma ta fi wahala saboda ruwan yana kai da komo. Tukunyar gas mai kilo 12.5, idan aka haɗa da nauyin ƙarfenta, takan kai kilo 25 ko fiye. Wurinta baya ne.

Lissafin da ke sa a haɗu

Ana sayar da bututun ƙarfe ne sanda-sanda, yawanci mai tsawon mita 6. A ɗauki misalin kariya mai faɗin santimita 40 da zurfin 30. Zagayenta zai ci santimita 140, sanduna uku na tsakiya 90, ƙafafu biyu da ke sauka zuwa tsakiyar ƙafar keke 80, majinginar baya da ke hana kaya taɓa kan keke 70, sai abin ɗaurewa na sama 20. Jimilla mita 4.

Wanda ya je shi kaɗai zai sayi sanda guda, a yi amfani da mita 4, ragowar mita 2 ta zauna a shagon mai walda. Mutum talatin da suka je daban-daban sanda 30 za su saya. Idan suka haɗu, mita 120 suke bukata, wato sanda 20, a ƙara biyu saboda abin da zarto ke ci da kuskuren yanka. Sanda takwas sun ragu tun ba a fara ciniki ba.

Rangwame na biyu yana wurin aiki. Mai walda da zai yi guda talatin iri ɗaya yakan fara haɗa zubi, wato faranti na ƙarfe da aka kafa wa maƙalai, ana jera yankakkun ƙarafa a ciki su zauna daidai ba tare da an sake awo ba. Yanka duka a yi shi rana ɗaya, lanƙwasa rana ɗaya, walda rana ɗaya ko biyu. Inda babu wutar lantarki sai janareta, wannan babban abu ne, domin tayar da janareta sau talatin don kariya ɗaya-ɗaya ya fi cin mai nesa ba kusa ba. Fenti da abin goge tsatsa da notuna su ma sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi.

A fara da ƙidayar kekuna

Kuskuren da ya fi rusa irin wannan haɗaka shi ne a ɗauka duk kekuna ɗaya ne. Kafin a yi maganar kuɗi, a sa rana kowa ya kawo kekensa ƙofar masallaci ko filin makaranta, a kira mai gyaran keke na unguwa, wanda a can ake ce wa ajalati, ya duba su ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa.

Abu huɗu ake dubawa. Na farko girman ƙafa: tsofaffin kekuna irin Phoenix na China da Raleigh na Ingila inci 28 ne, kekunan zamani masu giya galibi inci 26, na yara kuma 24 ko 20. Tsawon ƙafafun kariya ya dogara da wannan. Na biyu birki: tsohon keke yana da birkin sanda wanda ke saukowa ta gaban wuyan keke, daidai inda kariya za ta so ta jingina, dole a bar masa hanya. Na uku, ko fok ɗin yana da shokozoba. Irin wannan fok yana nutsewa yana tasowa, idan aka ɗaure kariya a samansa da ƙasansa lokaci guda, wani abu zai karye. Na huɗu, ƙarfen tsakiyar ƙafa: ko noti ke riƙe da shi, kuma ko zarensa ya yi saura yadda zai ɗauki kunnen kariya noti ya kama sosai. Keken da ake cire ƙafarsa da ɗan hannun lanƙwasawa ba tare da sifana ba bai dace da wannan kariya ba.

Bayan ƙidaya, a tsaya a kan zubi ɗaya ko biyu, misali na inci 28 da na inci 26. Wanda kekensa bai shiga ko ɗaya ba, a gaya masa gaskiya tun ranar, ya yi nasa daban. Haka wanda ke son a ƙara masa faɗi ko a yi masa ado. Duk canji guda yana cinye rangwamen da aka haɗu dominsa.

A ranar ce kuma ake raba aiki tsakanin mutum uku: mai rubutu, ma'aji, da mai duba aiki, wanda ya fi kyau ya zama mai gyaran keken. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyu, ko da shi ne mafi amana a unguwa. Raba aikin shi kansa yake karewa daga zargi.

Wane ƙarfe?

Mutane da yawa suna auna ƙarfi da nauyi, su ce a yi da rodi. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Rodi mai kaurin milimita 10 yana da nauyin kusan gram 620 a kowace mita, kariyar mita 4 za ta kai kusan kilo biyu da rabi. Bututu mai faɗin milimita 16 da kaurin bango 1.2 yana da kusan gram 440 a mita, kariyar ba za ta kai kilo biyu ba, amma juriyarsa ga lanƙwasa ta ninka ta rodin kusan sau uku. Matsalar bututu ita ce yana son gwani: hannun da bai saba ba yana huda shi da wuta. Idan mai waldan da ke kusa bai ƙware a siririn ƙarfe ba, a yi ƙafafu da zagaye da bututu mai ɗan kauri, sandunan tsakiya da siririn rodi mai santsi.

Kafin yaƙi, kasuwar Sajjana a Khartum ce cibiyar ƙarfe da kayan gini, ga kuma unguwannin masana'antu na Bahri da Omdurman. An wawashe yawancinsu. Sabon ƙarfe yanzu yana shigowa ne ta tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, tafiyar kusan kilomita 800 ta hanyar Atbara, ko kuma ta kan iyakar Masar, kuma kuɗin hanyar yana cikin farashinsa. Wannan zai sa wasu su ce a nemi tsohon ƙarfe mai araha.

A nan akwai haɗari iri biyu. Na farko, ƙarfen da ba a san asalinsa ba yana iya zama ƙofar gidan wani ko gadon asibiti. An san kasuwannin kayan sata da suka buɗe lokacin yaƙi, waɗanda jama'a suka laƙaba wa sunan kasuwannin Dagalo, kuma mai ɗauke da ƙarfe ba rasit yana iya shan tambaya a shingen bincike. Na biyu ya fi muni: hukumar kwance nakiyoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha gargaɗi cewa Khartum cike take da harsasai da rokoki da ba su fashe ba. Kada a tura yara tsintar ƙarfe a kango, kada kuma a sa zarto ko wuta a jikin bututun da ba a san mene ne ba. A guji tsohon bututun ruwa mai farin rufi, domin hayaƙinsa lokacin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A sayi ƙarfe a shago, a karɓi rasit, a ajiye shi.

Mai walda da samfuri

A tambayi masu walda uku farashi a kan zane ɗaya, kowa ya raba kuɗin ƙarfe daban, kuɗin hannu daban. A je a ga aikinsu na baya a jikin ƙofa ko amalanke, a duba ko waldar ta kwanta sumul ko ta yi ƙuraje. A yi la'akari da nisa. Wataƙila a samu sauƙi a Omdurman, amma an rusa gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Omdurman tun Nuwamban 2023, zagaye da kuɗin mota suna iya cinye bambancin. Mai walda na Hillat Kuku ko cikin Hajj Yusuf kuma ana iya leƙa shi kullum, idan gyara ya taso ana tura keke har ƙofarsa.

Wanda aka zaɓa ya yi guda ɗaya tak na kowane zubi. Kuɗin samfurin kaɗai za a tara a wannan mataki. Sai a ba mutum uku masu sana'a daban-daban su yi aiki da shi kwana biyu-biyu a kan hanyar da suka saba bi, da irin kayan da suka saba ɗauka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ake dubawa: ko akwai tazarar yatsa biyu tsakanin kariya da madigadi, ko birki yana kamawa ba tare da ya gogi komai ba, ko kan keke yana juyawa dama da hagu har ƙarshe, ko kariyar ta zauna kusa da wuyan keke. Duk yadda kaya suka yi nisa gaba, haka tuƙi ke ƙara wuya. Wurin da ya fi bukatar ido shi ne maɗaurin sama. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, kariyar tana kifawa gaba ta danne taya, ƙafar ta tsaya cik, mai keke ya tashi ta kan hannu. Saboda haka a yi shi da ƙarfe mai kauri, a sa noti biyu, a kuma ƙara igiya ko waya mai ƙarfi da ta zagayo kan keke a matsayin ta ko-ta-kwana.

Kada a yarda a like kariya da fok ta hanyar walda. Yawancin tsofaffin kekuna da narkakken farin ƙarfe ko tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu, zafin walda yana sassauta su. Kariyar da aka ɗaure da noti kuma ana iya kwance ta a mayar wa wani keken.

Idan samfuri ya ci jarrabawa, a ɗauki hotonsa, a auna nauyinsa, a rubuta. Ya zauna a hannun mai duba aiki, da shi za a gwada sauran.

Kada kuɗi ya kwana

Kafin yaƙi, dala ɗaya tana kusan fam 600 na Sudan. A 2025 ta haura fam 2,500 a kasuwar bayan fage. Tun da ƙarfe daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala. Ƙungiyar da ta ɗauki wata biyu tana tara kuɗi a akwati za ta tarar cewa abin da aka tara don sanda 22 ba ya sayen 22, daga nan ne ake fara kallon ma'aji da wani ido alhali bai ci ko sisi ba.

Maganin shi ne a taƙaita lokaci. A tambayi farashin ƙarfe, a ba da kwana uku ko huɗu kowa ya kawo kasonsa, a rufe rajista, washegari mutum biyu su je su saya. Wanda bai kawo ba ya jira zagaye na biyu. A ƙirga sandunan a gaban mai walda, a shafa wa bakin kowace fenti, a rubuta adadin.

Kuɗin hannu a raba shi biyu ko uku. Kafin alƙalami, wanda Sudanawa ke kira arbun, ranar da aka fara yanka, sauran kuma bayan an karɓi aiki an duba. Kada kason ƙarshe ya gaza kashi ɗaya cikin uku, don shi ne abin da ke hannun ƙungiya idan aka samu aibi. A ƙara kashi goma cikin ɗari a kan kason kowa saboda abin da ba a zata ba, da alƙawarin mayar da abin da ya ragu.

Yawancin biyan kuɗi a Sudan yanzu ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum ake yi, musamman tun da aka fara canza takardun fam 500 da 1,000 a Disamban 2024 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. A tambayi mai ƙarfe da mai walda tun farko ko farashin tsaba da na Bankak ɗaya ne. Hoton shaidar turawa ba biya ba ne, ana ƙirƙirar na jabu. Sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu sannan mai rubutu ya sa alama. 'Yan uwa da ke Saudiyya ko Masar ko Chadi ko Najeriya da ke son biya wa wani, su tura wa ma'aji da sunan mutumin, kada su tura wa mai walda kai tsaye.

Akwai waɗanda suka fi kowa bukatar kariyar amma ba su da kason. Ƙungiya za ta iya yin guda biyu ko uku na ƙari ta ba su, su riƙa biya mako-mako daga abin da suka samu. Amma a yanke wannan a bainar jama'a tun farko, a san su wane ne kuma wa ya tsaya musu.

A rubuta

Irin wannan ciniki, inda ake sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna, a fiƙihu sunansa istisna'i, kuma bankunan Sudan sun daɗe suna aiki da shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce ya inganta idan an bayyana nau'in abin da adadinsa da siffofinsa da lokacin gamawa, kuma ana iya biyan kuɗin kashi-kashi. Waɗannan su ne abubuwan da takardar ƙungiya take bukata.

Shafi ɗaya ya isa, da Larabci da kuma Hausa idan akwai masu bukata. A sa adadin kariyoyi na kowane zubi, irin ƙarfe da kaurinsa, cewa kowace za ta yi daidai da samfuri, fentin hana tsatsa shafi ɗaya da na sama shafi ɗaya, ranar gamawa, da yadda za a biya. A rubuta abin da zai faru idan aka makara, da kwanakin da aka yafe saboda rashin wuta ko mai. A rubuta cewa waldar da ta tsage cikin wata uku mai walda zai gyara kyauta, muddin ba a wuce nauyin da aka ƙayyade ba. A rubuta cewa wanda ya janye bayan an sayi ƙarfe ba a mayar masa da kuɗi, sai dai ya sayar wa wani gurbinsa. A kuma rubuta na wane ne zubin da ragowar ƙarfe. Shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa kowa ta WhatsApp.

Ranar karɓa

A karɓi aikin goma-goma maimakon a jira duka. Idan akwai kuskure a goman farko, ana gyara shi kafin ya shiga sauran ashirin. Mai duba aiki ya jera kowace kusa da samfuri, ya ɗora mata jarka cike, ya duba kowace mahaɗa kafin a shafa fenti, domin fenti yana rufe tsaga.

Wa zai fara karɓa? Ƙuri'a ce ke kashe wannan gardama, sai dai idan jama'a da kansu sun ce a fara da wane saboda halin da yake ciki. Ɗaurawa aikin mai gyaran keke ne, a sa ladansa cikin lissafi tun farko. Bayan mako guda kowa ya dawo a sake matse notuna, saboda girgizar hanya tana sassauta su. Daga nan ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a nuna rasit, a raba canji ko da kuɗin shayi ne.

Ga masu karatu a wasu ƙasashe

Tsarin bai tsaya a Sudan ba. A Kano da Katsina, mutane da yawa sun koma kan keke bayan da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuma naira ta faɗi ƙwarai bayan nan, don haka dokar hana kuɗi kwana tana aiki a can kamar yadda take a Khartum. A Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena, sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ana iya ɗaukar lokaci a tara kuɗin ta hanyar adashi, sai dai idan daga Najeriya za a sayo ƙarfen, a nan sai an sa ido a kan canji. Batun ƙidayar kekuna da gwada samfuri da raba aiki tsakanin mutum uku kuwa ko'ina ɗaya ne.

Ƙungiyar da ta gama zagaye na farko lafiya tana da jerin sunaye da girman keken kowa, tana da zubi a shagon mai walda, tana da ma'ajin da aka gwada. Zagaye na biyu zai fi sauri kuma ya fi sauƙi, tun da an riga an biya kuɗin samfuri da na zubi. Da jerin nan kuma za a iya sarin taya da sarƙa da robar birki, waɗanda keken da ke ɗaukar kaya kullum yake cinyewa da wuri.